Wasiƙa daga Jamus: gidan 'yan kwana-kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya hunturu? Na ga tambayoyinku kan sanyi da takardun zama, zan zo kansu. Amma tunda lokacin gobara ya kama a gida, bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai.

A nan da wuya ka shiga ƙauye ka rasa gidan 'yan kwana-kwana. Galibinsu 'yan sa kai ne, kusan mutum miliyan 1 a faɗin ƙasar: kafinta, malamin makaranta, manomi. Manyan birane ne ke da masu albashi. Da an kira lambar gaggawa ta 112, 'yar na'urar da ke aljihun mutum za ta yi ƙara, ya ajiye aikinsa ya ruga, kuma doka ta ce maigidansa ya sake shi.

Ginin da ke kusa da mu ba wani ƙato ba ne, amma komai nasa don cin lokaci aka tsara shi. Wurin ajiye motocin 'yan sa kai yana gefe, hanyar fitar jajayen motoci tana gaba, don kada mai shigowa a guje ya yi karo da mai fita. Daga ƙofar baya sai ɗakin sauya kaya, kowa da ma'ajiyarsa, takalmi a ƙasa, hular kwano a sama. Taku kaɗan ka isa mota, ita kuma kullum hancinta na kallon titi, batirinta na kan caji, an maƙala wa salansarta tiyo mai zuƙe hayaƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki, kayan da aka shiga wuta da su ba sa haɗuwa da kayan gida, saboda baƙin hayaƙin da ke manne musu yana jawo cutar daji. Ɓangaren datti daban, na tsabta daban, wurin wanka a tsakani. A sama akwai ɗakin da yara ke koyon aikin.

Ruwa kuwa yana ƙarƙashin titi. Za ka ga ɗan farin allo mai jan baki a jikin bango, ya nuna girman bututu da mita nawa ne zuwa bakinsa.

Duk lokacin da na wuce ta nan sai gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta faɗo mini, da mutanen da suka wayi gari ba jari. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su ware fili na mota biyu a bakin kasuwa, da rijiyar burtsatse da tanki, a hana kowa kasa kaya a hanyar fita, ai ba ƙaramin abu aka yi ba. Matasan da za su sa kai muna da su.

Sai wani jiƙon. Sanyi dai yana nan, takardu kuma ana kan layi. A gaida su Inna.