Gwajin jinin da ake yi sau ɗaya a rayuwa

Mahaifinmu bai kai shekara hamsin ba ciwon zuciya ya kwantar da shi, ga shi ba ya shan taba, ba shi da ƙiba. Da likita ya ji wannan tarihi sai ya ce in ƙara wani gwaji a kan na kolestarol da na saba yi, sunansa Lp(a). Jini kaɗan aka ɗiba, ba a ma ce in zo ban ci komai ba.

Sakamakona ya haura 125 nmol/L, inda ake fara cewa ya yi yawa. Wasu ɗakunan gwaji da mg/dL suke rubutawa, a can iyakar 50 ce. A duba ma'aunin kafin hankali ya tashi.

Lp(a) ƙwayar kitse ce da hanta ke yi, 'yar'uwar LDL da ake kira mugun kolestarol, sai dai ita akwai wani furotin manne da ita. Tana taruwa a bangon jijiyoyin jini, ta jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, tana kuma iya taurara ƙofar babbar jijiyar zuciya. Kåre Berg ɗan ƙasar Norway ya gano ta tun 1963, amma har yau sai ka nemi gwajin da sunansa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya tasa ta yi yawa, kuma ta fi hawa a jinin waɗanda asalinsu Afirka ne.

Abin da ya fi yi min wuyar haɗiyewa shi ne yawanta gado ne. Motsa jiki da gyaran abinci ba sa rage ta a zo a gani, maganin statin na rage kolestarol ma haka. Shi ya sa ga yawancin mutane gwaji ɗaya ya isa. Na ce, "To likita, mene ne amfanin sanin abin da ba ya gyaruwa?" Ya ce ita ce ba ta gyaruwa, amma haɗarin taron dangi ne, sauran kuwa suna hannuna. Muka matsa wa LDL lamba har ya sauka, na fara auna hawan jini a gida, ana duba min suga. Akwai sababbin magunguna irin su olpasiran da aka ƙirƙira dominta, sai dai a lokacin ana kan gwada su ne, ni kuwa ban zauna jiransu ba.

Na gaya wa 'yan'uwana su je a gwada su. Yayata ta je, nata lafiya lau. Ƙanena har yanzu cewa yake ai shi ba abin da ke damunsa, kuma gaskiyarsa, wannan abu ba ya nuna alama.