Shari'ar ƙarfe mai zafi a Ingila

Tun jiya da na karanta yadda ake shari'a a Ingila sama da shekaru 800 da suka wuce, abin ya tsaya min a rai. Idan an zargi mutum da sata ko kisa, sai a gasa ƙarfe ya yi jawur, ya ɗauka da hannu ya yi tafiyar kusan mita 3. A naɗe hannun, bayan kwana uku limamin coci ya kwance. In ciwon ya yi ruwa, shi ke nan, mai laifi ne. Wallahi ina tausayin talakan da ƙazanta kawai ta ruɓar wa da hannu, alhali ko allura bai ɗauka ba. Sai a 1215 Fafaroma Innocent na Uku ya hana limaman coci shiga wannan aiki.