Ƙwayar cutar da ba ta son gaggawa

A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, samfurin da ya fi ba ni wahala shi ne na wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu ko gwiwa, daga baya wurin ya riƙa ciwo, ba zazzaɓi, ba wani kumburin a zo a gani. Da yawansu masu sikila ne, waɗanda kan ƙashin ƙugunsu ya mutu saboda jini bai isa wurin ba. Likita ya zuƙo ruwan gaɓar ya aiko, mu shuka shi a farantin da muke tsirar da ƙwayoyin cuta, bayan kwana biyu faranti fes. Sai a rubuta "ba a ga komai ba". Ni dai wannan rubutu bai taɓa kwanta mini a rai ba.

Ƙwayoyin da ke kama ƙarfe ba yawo suke cikin ruwa ba. Yauƙi suke lulluɓa su manne, kamar santsin cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Shi ya sa a 2007 masu bincike a Mayo Clinic ta Amurka suka nuna cewa in an ciro ƙarfen aka tsoma shi a ruwa, aka girgiza shi da sautin da kunne ba ya ji, an fi samun ƙwayar.

Wasu ƙwayoyin kuma nawa gare su wajen tsiro. Cutibacterium acnes, mai kawo ƙurajen fuska, ta fi son ƙarfen kafaɗa, ba ta son iska, kuma sai an jira ta har kwana 14. Ta tarin fuka makonni take ɗauka. Brucella kuwa, wadda ake ɗauka daga madarar da ba a dafa ba, tana iya kama mu ma'aikata in muka buɗe faranti ba shiri. Don haka in majinyaci makiyayi ne, don Allah likita ya rubuta a takardar. Layi ɗaya ne kacal.

Na'urar MALDI-TOF tana faɗin sunan ƙwaya cikin mintuna, amma fa sai ta tsiro tukuna. Nan ne kemis ke ɓata mana aiki. Mutum ya sha kafso iri-iri kafin ya zo asibiti, ƙwayar ba ta mutu ba, ta dai ƙi fitowa a faranti. In jiki zai jure, likita kan dakatar da maganin sati biyu kafin a ɗauki samfur, a wurin tiyata kuma a yanko tsoka daga wurare kamar biyar, kowanne a kwalbarsa. In ƙwaya iri ɗaya ta tsiro a biyu daga ciki, sannan nake yarda ba daga fatar wani ta faɗo ba.