Asabar a Cliveden, da jerin sunaye a aljihuna

Sai yanzu bayan sallar isha'i na sami zama in rubuta yadda wannan Asabar ta kasance, gwiwoyina suna zogi saboda hawa da gangarar da na sha. Tun watan jiya 'yar yayana marigayi take roƙona in raka ta Cliveden, tsohon gidan sarauta da ke ƙauye a gundumar Buckinghamshire ta Ingila wanda aka mayar otal, domin a can zuciyarta take so a yi walimar aurenta. Tun da ni ne waliyyinta, kuma mahaifiyarta tana Kano, babu wanda zan tura a madadina. Na fita da takarda ninke a aljihu mai ɗauke da sunaye 340 da mahaifiyar ta aiko, kowane suna da dalilinsa, kuma ban nuna wa yarinyar ba sai da muka shiga jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zuwa Taplow. Ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Baffa, mu dai je ka gani da idonka tukuna."

Daga tashar muka ɗauki tasi. Abin da ya fara tarar mu a bakin doguwar hanyar shiga shi ne maɓuɓɓugar ruwa ta dutse mai siffar ƙaton ƙoƙon kifi, wadda Thomas Waldo Story ya sassaƙa, daga nan kuma hanya ta miƙe sambal har ƙofar gidan. A gefen dama akwai hasumiyar agogo mai ado da ruwan zinari, wadda aka gina a 1861, kuma na yi dariya da na ji cewa duk wannan kwalliya tankin ruwa ne a cikinta. Gidan yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 40 a saman kogin Tems, da fili kusan eka 376 kewaye da shi. Ƙungiyar National Trust ce take da gidan da filin, ita take kula da lambuna tana buɗe su ga jama'a, ginin kuma ta ba da shi haya ana gudanar da otal a ciki tun tsakiyar shekarun 1980.

Na san dalilin da ya sa yarinyar ta ƙwallafa rai a nan, ko da ba ta faɗa ba. A wannan gida Meghan Markle ta kwana tare da mahaifiyarta a daren jajiberin aurenta da Yarima Harry a watan Mayun 2018, kuma tun daga lokacin 'yan mata da yawa suke kallon sa a matsayin gidan amare. Sai na ga ya kamata in ba ta labarin tun daga tushe, domin tarihin gidan ba da aure ya fara ba. George Villiers, mai sarautar Duke na Buckingham na biyu, shi ya fara gini a nan a 1666, kuma matar da ake danganta ginin da ita matar wani ce, wato matar Earl na Shrewsbury. A 1668 mazan biyu suka yi fito-na-fito da takobi a kanta, mijin ya ji rauni, daga baya ya mutu. Har yau akwai siffar takobi da lambar 1668 shimfiɗe a cikin ciyawa a gefen gidan, kuma na tsaya a kanta ina ba ta wannan labari da muryar wa'azi. Ta saurare ni da ladabi har na gama, sannan ta ce ai wancan gidan ya ƙone, wannan wani ne daban.

Gaskiya ta faɗa, kuma na rasa abin cewa. Gobara ta cinye gidan farko a 1795, ta cinye na biyu a 1849, wanda muke tsaye a gabansa kuwa na uku ne, aikin Charles Barry, mutumin da ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya a Landan. Ya kammala shi a farkon shekarun 1850 domin Duke na Sutherland, a kan tsohon dandamalin da wuta ba ta ci ba. A 1893 attajirin nan ɗan Amurka William Waldorf Astor ya saye shi, a 1906 kuma ya ba wa ɗansa Waldorf da amaryarsa Nancy kyauta ranar aurensu. Da na kai nan a labarin sai ta ce, "To ka gani, Baffa, gudummawar biki ce." Na ce mata gudummawata ba za ta kai ko ƙofar bargar dawakan gidan ba, kada ta sa rai.

Wata ma'aikaciya mai kula da harkar bukukuwa ta karɓe mu a babban zaure, inda bango da rufi duk katako ne mai duhu, ga murhun dutse da aka kawo daga Faransa wanda mutum zai iya tsayawa a cikinsa, ga hoton Nancy Astor da John Singer Sargent ya zana a rataye kusa da shi, ta waiwayo tana kallon mai shigowa ta kan kafaɗarta. Ita ce mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilan Birtaniya, a 1919, bayan mijinta ya gaji sarautar mahaifinsa ya koma majalisar dattawa. Daga zauren aka shigar da mu ɗakin cin abinci da ake kira na Faransa, kuma a nan na daɗe ban yi magana ba. Allunan bangon, masu sassaƙen furanni da kayan farauta shafe da ruwan zinari, an ɓamɓaro su ne daga wani gidan sarauta a Asnières kusa da birnin Faris, Astor ya saye su a 1897 ya sa aka gina ɗakin daidai da awonsu. Manyan madubai suna fuskantar juna, fitilun ƙarau suna ninkuwa a cikinsu har ido ya kasa ƙirgawa, tagogi kuma suna kallon lambu da kogi. Amma da na daina kallon bango na fara ƙirga inda za a iya ajiye kujera, sai na ga ko dangin uwar amarya kaɗai ɗakin ba zai ɗauka ba.

A nan ne al'adarmu da tasu suka yi karo, cikin ladabi da murmushi. Bikin irin wannan gida ana gina shi ne a kan ƙidaya: kowane baƙo da sunansa a rubuce a kan ɗan kati, da kujerarsa, da abin da zai ci da abin da ba ya ci, kuma tun da sauran makonni ake rufe lissafin. Mu kuwa wanda aka gayyata yakan zo da ƙanwarsa da maƙwabciyarsa, kuma abin kunya ne a tsaya a ƙofa ana duba suna. Ban ga laifinsu ba, domin mai dafa abinci kashi-kashi har hawa uku ko huɗu ba zai iya ƙara ruwa a miya ba idan mutum talatin suka ƙaru. Sannan akwai maganar doka. Tun bayan dokar aure ta 1994 ne irin waɗannan gidaje suke samun lasisin a ɗaura auren rajista a cikinsu, amma sharaɗin shi ne kada a sa wani abu na addini a cikin wannan ɗaurin, saboda haka siga da sadaki da addu'a sai dai a yi su daban, a masallaci ko a gida. Wannan bai dame ni ba, don dama ba na son a ɗaura auren 'yar yayana a ɗakin da babu liman.

Da azahar ta yi na bar su suna duba hotuna, na sauka daga dandamalin zuwa lambu. A ƙarƙashin dandamalin akwai doguwar katangar dutse da bulo mai ƙananan ginshiƙai, wadda Astor ya sayo daga lambun Villa Borghese a birnin Rum a 1896. Na taɓa karanta cewa wasu ƙananan dodon koɗi 'yan Italiya sun biyo duwatsun a ɓoye, suka yi ta hayayyafa a cikin tsagoginsu fiye da shekara ɗari ba wanda ya lura da su sai a 2004. Na sa tabarau, na durƙusa ina leƙa tsagogin kamar mai neman allura, har wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya. Da na gaya mata abin da nake nema sai ita ma ta sunkuya, muka daɗe muna dubawa tare, can na hango wani siririn ƙoƙo mai murɗe wanda bai kai tsawon farcen ɗan yatsana ba, manne a inuwar dutse. Na ji wani irin zumunci da shi wanda ban yi wa tsohuwar bayaninsa ba. Daga nan na gangara matakalar da ke bi ta cikin itatuwa har bakin kogi, na shimfiɗa kwat ɗina a kan ciyawa nesa da hanya, na yi salla, jiragen ruwa suna wucewa a hankali. Hawowar ce ta gaya mini shekaruna.

Da la'asar sakaliya muka zauna shan shayi a babban zaure, wanda yarinyar ta yi mana rajistarsa tun da wuri, ta kuma sanar da su cewa ba ma cin naman alade ba ma shan giya. An kawo faranti mai hawa uku: yankakken burodi mai kokwamba da mai ƙwai da mai kifi a ƙasa, kowanne bai fi yatsa biyu ba, sai wani ɗan curin burodi mai ɗumi da suke kira sukon wanda ake tsagawa a shafa masa kirim mai kauri da jam, sai kayan zaƙi a sama waɗanda mutum yake jin nauyin ɓata kyansu. Da na fara gani na raina shi, na ce a zuciyata wannan ai lasa ce, amma kafin mu kai hawa na uku na ƙoshi. Sukon ɗin ya fi komai daɗi. Sai dai na yi ta tunanin yayar mahaifinta, wadda idan ba ta ga shinkafa da naman kaza sun cika faranti ba za ta koma gida ta ce an yi biki da yunwa. Akwai kuma wani wurin cin abinci a tsohuwar bargar dawakai, wanda muka leƙa kawai muka wuce.

Kafin mu fita aka nuna mana katangar da wurin ninkaya yake bayanta. A bakin wannan ruwa ne ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da wata budurwa mai suna Christine Keeler a watan Yulin 1961, suka ƙulla alaƙar soyayya wadda ya musanta a gaban majalisa, daga baya ya amsa ya ajiye muƙaminsa a 1963, abin da ya girgiza gwamnatin Harold Macmillan. Wannan karon ban yi wa'azi ba, na riga na koyi darasi a kan ciyawar takobi.

A jirgin dawowa ita ce ta fara magana. Ta ce ta ga abin da na gani a ɗakin zinarin, kuma ba za ta iya soke sunan kowa daga takardar mahaifiyarta ba. Shawarar da muka tsaya a kanta ita ce a ɗaura aure a masallaci, a yi babbar walima a wani zaure mai faɗi inda masu dafa abincinmu za su shigo da tukwanensu, sannan idan ango ya ga aljihunsa zai iya, su zo Cliveden su da iyaye da 'yan uwa na kusa su ci abincin dare ɗaya. Na ce mata kuɗin shayin ranar na ɗauka, kuma a wannan karon ba da wasa nake ba. Da na shigo gida na kunna waya sai na tarar da saƙon murya daga Kano, minti bakwai cur, mahaifiyarta tana cewa ta manta da mutanen gidan kakarta na Gwarzo, su goma sha ɗaya ne, a ƙara su. Na ɗauko biro na rubuta su a bayan takardar, domin gabanta ya cika, gobe bayan sallar asuba kuma zan kira ta in yi mata bayanin ɗakin.