Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tattara tarihin ƙauyenmu

Assalamu alaikum. Taron karanta tarihin ƙauyenmu ya tashi lafiya, kuma kwamitin da ya tattara shi yana miƙa godiya ga kowa, musamman iyayenmu dattawa da suka ajiye aikin gabansu suka zauna da mu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Godiya ta musamman ga iyayenmu mata. Maza sun fi riƙe jerin masu gari da rigingimun iyakar gona. Mata ne suka san rijiyar da aka fara haƙawa, da shekarar da ta ƙafe, da irin da aka daina shukawa, da gidan da ya fara tashi ya koma bakin fadama. Ba don su ba, da rabin littafin nan babu shi.

Da yawa a wurin taron sun tambayi yadda aka samo shekarun. Dattijo ba ya cewa "a shekara kaza", sai dai "shekarar fara" ko "bayan babbar yunwa". Don haka ake neman abin da duniya ta riga ta rubuta a jingina labari da shi: tauraruwa mai wutsiya ta 1910, annobar mura ta 1918, ko husufin rana, wanda ake iya lissafa ranarsa daidai. In an ce kakan wane yana goye lokacin annobar, an samu madogara. Inda babu irin wannan, sai a ƙirga zuriya, a ba kowane tsatso shekara 25 zuwa 30. Amma nan akwai tarko: baki yakan tsallake kakan da bai yi suna ba, ko ya haɗe mutum biyu masu suna ɗaya, sai garin ya fito ƙarami a shekaru. Shi ya sa ba a shigar da magana sai an ji ta daga gida biyu da ba su haɗa kaka ba.

Hira kuwa ɗaya-ɗaya ake yinta, kada ta wuce awa guda. In aka tara dattawa wuri ɗaya, babba ya yi magana, saura sai "haka ne", ko da sun san akasin haka. A cikin ɗaki ake ɗaukar murya, domin iska tana cinye ta a waje.

Muna kuma gode wa gidajen da suka fito da tsofaffin takardun haraji da na gona. Mun san fargabar da ke ciki, kuma muna jaddada cewa wannan littafi ba hujjar shari'ar fili ba ne. Wasu takardun gara ta ci gefensu, wasu danshi ya manne su. Waɗannan ba a ɓamɓare su da ƙarfi, hotonsu aka ɗauka yadda suke. Komai an yi masa kwafi uku, ɗaya yana ajiye a wajen gari saboda gobara.

Matasan da suka rubuta hirarrakin kalma da kalma, sannunku da ƙoƙari. Hirar awa ɗaya takan ci yini guda kafin a gama rubuta ta.

Wanda ya ji an yi kuskure a sunan kakansa ko iyakar unguwarsu, ya samu kwamiti kafin ruwan shuka ya sauka, domin daga nan za a kai littafin ɗab'i.