Zanen Damuwa da Addu'a a Jikin Kanbas: Yadda Muke Aikin a Gusau

Allon talla da rubutun jikin mota su ke ciyar da shagon zane a Gusau. Amma akwai aikin da muka fi ba muhimmanci ko da masu sayensa kaɗan ne: hoton mutum wanda abin da ke cin ransa ake so a gani, fargaba ko kewa ko natsuwar mai roƙon Allah. Salon ya daɗe a Turai. A 1893 Edvard Munch, ɗan ƙasar Norway, ya zana wani mutum da ya dafe kunnuwa baki buɗe ƙarƙashin jan sama, kuma a jikin kwali ya yi shi.

Sabon shiga da zana hawaye yake farawa, hoton kuwa sai ya fito da arha. Damuwa a kafaɗa da hannu take sauka. Idan za a zana matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta, a sauke kafaɗunta, a lanƙwasa wuyan, a sa ta yi tagumi, sannan a ƙara wa hannun girma kaɗan fiye da na gaske don ido ya fara faɗawa kansa. Fatar ma ba a shafe ta da ruwan ƙasa guda. Muna fara shimfiɗa kore mai duhu a ƙasa, mu ɗora ruwan ƙasa a kai ba tare da mun rufe shi duka ba, mu ɗan taɓa ja a gaɓoɓin yatsu. Baƙin fenti na kwalba yana kashe hoto; a haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, inuwar za ta yi zurfi. Kada a goge sawun burushi, don rabin tashin hankalin a nan yake.

Batun addini kuwa, tun kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami muke tambaya. Mutane da yawa ba sa rataye hoto mai fuska a gida saboda abin da malamai suka faɗa kan zanen abu mai rai, kuma muna girmama hakan. Sai a zana mutumin ta baya a kan buzu, ko tafukan hannu biyu a ɗage da carbi. Haske ya zo daga gefe ɗaya kawai, idan ya zo ta ko'ina natsuwar ta watse. Ba ma rubuta aya a jikin hoton mutum.

Ga shirin kanbas, wato kyallen da ake zane a kai. Katakon firam ya zama busasshe, ɗanye yana murɗewa da hunturu. A ja kyallen daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa. A shafa farin gam da aka sirka da ruwa, ya bushe, sannan farin fenti shafi biyu ko uku, ana bi da sanfefa a tsakani. Wanda ya tsallake gam, man fenti zai ci kyallen ya ruɓar da shi. A fentin mai, shafin farko ya zama mai ruwa-ruwa da tafentin (ruwan sirka fenti), na sama su fi mai. In aka juya, saman ya riga ƙasa bushewa, hoton ya tsattsage.

Da hunturu fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, yana bushewa a kan faranti cikin mintoci, don haka kwalbar fesa ruwa ba ta barin hannu. Na mai kuwa ƙura yake kwasa, sai a jingina shi fuska ga bango. Da damina fumfuna ce matsala: a bar ɗan tazara tsakanin hoto da bango mai lema. Banish, wato man sheƙi mai kare hoto, ba ya hawa fentin mai sai ya yi wata shida, shi ya sa muke gaya wa mai saye ya dawo da hoton a shafa masa daga baya.