Kwana Uku a Kan Duniya

Jirgin ƙasa ya ɗauke mu daga tashar Montparnasse ta Paris da sassafe. Cikin awa ɗaya da rabi mun kai Rennes, daga nan ya sassauta gudu ya miƙa yamma. Wani abokin karatuna ne ya gayyace ni garinsu a Finistère, kusurwar yankin Bretagne inda ƙasa ke ƙarewa teku ya karɓa. Ma'anar sunan ita ce ƙarshen ƙasa, amma mutanen wurin da harshensu na Breton suna cewa Penn-ar-Bed, wato kan duniya. Wani ya ga wutsiya, wani ya ga kai.

A Quimper kusan kowane allon hanya suna biyu gare shi, Quimper a sama, Kemper a ƙasa. Na ce to, yau kunnena zai sha Breton. Na wuni ina yawo a bakin kogin Odet, na ratsa kasuwa, na zauna na ci krampouezh, wani fanke mai faɗi marar kauri. Ko mutum ɗaya ban ji yana ciniki da harshen ba. Iyakar abin da na tsinta shi ne "kenavo", sallamar da mai shago ta yi mini, ita ma da alama don baƙi ake ajiye ta.

Abokina bai yi mamaki ba. Wajen 1950 masu jin Breton sun kai miliyan ɗaya. Binciken da hukumar yankin ta sa aka yi a 2018 ya samu kimanin 207,000, akasarinsu tsofaffi, na 2024 kuma ya samu wajen 107,000. Ba gudun harshen suka yi ba a shekara shidan nan, ƙasa ce ta rufe idonsu. Shi kansa abokin nawa ba ya ji, uwarsa ma haka.

Washegari muka shiga mota zuwa wani ƙauye kusa da Carhaix, gidan kakarsa. Ta haura tamanin da biyar, kuma sai da aka sa ta makaranta ta fara jin Faransanci. Na ce, "Kaka, me ya hana ki koya wa 'ya'yanki?" Ta daɗe tana juya kofin gahawa kafin ta ba ni labarin takalmin katako. Duk yaron da aka kama yana Breton a makaranta sai a rataya masa shi a wuya, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani, wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan horo. Ta ce sunan abin "symbole".

Sai da tsigar jikina ta tashi. Da wannan sunan mahaifina ya san shi a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, sai dai nasu ƙashi ne, laifin kuma Hausa. Bambancin shi ne mahaifina yana fita ƙofar lakwal Hausa ke jiransa a kasuwa da masallaci da gida. Ita kuwa ta tashi ta ga aiki da aure mai daraja duk da Faransanci ake samunsu, sai ta rantse 'ya'yanta ba za su ɗanɗana kunyar da ta sha ba.

Da la'asar aka kawo 'yar yayar abokina, shekararta takwas, tana makarantar Diwan. Kalmar na nufin tsiro. Iyaye ne suka kafa ta farko a 1977 a Lampaul-Ploudalmézeau, kuma da Breton ake koyar da lissafi da komai. Idan aka haɗa da azuzuwan harshe biyu na gwamnati da na Katolika, yaran wajen 20,000 ne, ba su kai yawan waɗanda aka binne da harshen a bakinsu tsakanin 2018 da 2024 ba. Gwamnati ma tana ba da hannu tana janyewa: a 2021 majalisa ta amince da dokar Paul Molac kan harsunan yankuna, sai majalisar kare tsarin mulki ta soke sashen koyarwa da harshen zalla, don tsarin mulki ya ce harshen Jamhuriya Faransanci ne.

Yarinyar ta faɗa jikin tsohuwar tana zuba Breton. Tsohuwa ta amsa da Faransanci, ta juyo ta ce mini, "Wannan na littafi ne, ba haka muke faɗa ba." Na ji haushin maganar, ban dai nuna ba.

Da dare na fito shan ruwa, na ji murya ƙasa-ƙasa a ɗakin girki. Tsohuwar ce take taje wa yarinyar kai, tana faɗin kalma, yarinyar na maimaitawa, tana sake gyara mata, har suka kwashe da dariya kan wani abu. Abokina na tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Na tambaye shi da ido me suke cewa, ya ɗaga kafaɗa.